A Faɗa Wa Mutane Gaskiya Kan Allurar Mura

Kawuna ne silar wannan rubutu. Shekararsa 68, yana fama da ciwon suga, kuma shekara uku ke nan da likita ya gaya masa zuciyarsa ta fara rauni. Na je gaishe shi, muna cikin hira na tambaye shi ko ya yi allurar rigakafin mura ta bana. Kafin in rufe baki ya ɗaga min hannu.

"Bar wannan zancen, ɗana. Bara na yi. Ko wata guda ba a yi ba sai ga hanci na zuba, kai na sarawa, tari ya hana ni barci. To allurar me aka yi min?"

Na ce, "Kawu, an gwada ka an ga irin murar da allurar ke karewa ce ta kama ka?"

Ya ce, "Wane gwaji? Mura ai mura ce."

Da na ƙara tambayarsa, sai ya gaya min abin da ya fi ɓata min rai. Ranar da aka yi masa allurar, ma'aikacin lafiyar cewa ya yi da shi, "Shi ke nan Baba, bana kai da mura sai dai ka ji a bakin wasu." Kawu ya riƙe maganar nan da hannu biyu, domin mutum ne mai girmama masu ilimi. Da alkawarin ya tashi a banza, sai ya yanke hukunci cewa an yaudare shi. Ban ga laifinsa ba. An yi masa alkawarin da babu wata allurar mura a duniya da za ta iya cikawa.

Ga inda na tsaya. Allurar nan tana aiki, amma aikinta na hana kamuwa da cuta wajen rabi ne a shekara mai kyau, a wasu shekarun ma bai kai haka ba. Duk da haka ta cancanci a yi ta, musamman ga tsofaffi, da masu juna biyu, da ƙananan yara, da masu ciwon da suka daɗe suna fama da shi. Kuma dole ne a riƙa faɗa wa mutane waɗannan maganganu biyu tare. Mai cewa allurar ba ta da amfani ya yi kuskure, amma mai zuzuta ta fiye da ƙima ya fi shi ɓarna, domin shi ne yake haifar da irin su Kawu.

Kalma ɗaya, cututtuka barkatai

Harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗanin. Duk abin da ya toshe hanci ko ya sa atishawa, mura muke ce masa. Alhali ƙwayoyin cutar bairos da ke kawo irin wannan murar ta yau da kullum sun haura iri 200. Allurar ba ta da wani iko a kansu, ba a ma yi ta don su ba.

An yi ta ne don cuta guda, wadda likitoci ke kira infuluwanza. Wanda ta taɓa kamawa ya san ba ɗaya suke ba.

Ni ta taɓa kama ni. Da safe na fita aiki garau. Wajen azahar na ji sanyi ya ratsa min ƙashi, kafin la'asar ina ƙarƙashin bargo biyu haƙorana na haɗuwa. Gaɓoɓina kamar an yi min dukan tsiya. Hasken waya ma idona bai iya ɗauka. Kwana biyar na yi ban iya tsayuwa na minti goma ba tare da na nemi bango na dafa ba, kuma bayan zazzaɓin ya sauka, sai da na yi kusan mako uku ina haki idan na hau bene. Gwaji ya nuna infuluwanza ce. A lokacin ina da ƙuruciyata da ƙarfina, ba ni da wani ciwo. Tun daga ranar nake tunanin abin da za ta yi wa mutumin da huhunsa ko zuciyarsa suka riga suka gaji.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a kowace shekara kimanin mutum biliyan ɗaya ne ke kamuwa da ita. Daga cikinsu miliyan 3 zuwa 5 kan shiga mawuyacin hali, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 kan rasu sanadin abin da take yi wa numfashi. Wasu na ɗauka cutar ƙasashen sanyi ce. A can tana da lokacinta, wato hunturu, shi ya sa ake jin labarinta. A ƙasashe masu zafi tana iya yawo a kowane wata na shekara, sai dai ba kasafai ake gwaji ba, don haka ta kan ɓuya a cikin sunan zazzaɓi ko nimoniya. Hukumar ta ce kashi 99 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa saboda ciwon huhun da infuluwanza ta jawo, a ƙasashe masu tasowa suke.

To, nawa take karewa?

Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, wato CDC, tana auna wannan kowace shekara. Yadda suke yi ba shi da wuyar ganewa. Duk wanda ya zo asibiti da tari da zazzaɓi sai a gwada shi. A ware waɗanda aka samu da infuluwanza gefe guda, waɗanda ba a samu ba gefe guda, sannan a duba mutum nawa ne suka yi allura a kowane ɓangare. Daga nan ake fitar da lissafi.

Abin da suke samu, idan allurar ta dace da irin ƙwayar da ke yawo, shi ne tana rage haɗarin kamuwa har a kai ga zuwa asibiti da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A kakar 2010 zuwa 2011 ta kai kashi 60. A kakar 2014 zuwa 2015 kashi 19 kacal ta samu.

Kwatanta da allurar ƙyanda, wadda idan an yi wa yaro sau biyu take ba da kariya ta kusan kashi 97. Da irin waccan muka saba, shi ya sa da an ce rigakafi sai mu ɗauka an rufe ƙofa an sa kwaɗo. Allurar mura ba ta cikin wannan sahun, kuma babu amfanin a yi kamar tana ciki.

Sai dai mutane da yawa ba su fahimci ma'anar kashi 50 ba. Ba ana nufin rabin waɗanda suka yi allura za su kamu ba ne. A misali, a ce ga mutum 1,000 da ba su yi allura ba, kuma 100 daga cikinsu za su kwanta a wannan shekara. Da a ce duk sun yi, kimanin 50 ne za su kwanta. Sauran 50 ɗin za su ci gaba da harkokinsu, kuma har abada ba za su san cewa cuta ta zo ta wuce su ba. Nan ne matsalar rigakafi take. Wanda ta kasa karewa yana da labarin da zai bayar. Wanda ta kare ba shi da abin faɗa.

Me ya sa ba ta fi haka ba?

Laifin ba na sakaci ba ne, halin ƙwayar cutar ne. Garkuwar jiki tana gane bairos ne ta siffar jikinsa ta waje. Ƙwayar ƙyanda ba ta canza wannan siffar ta yadda za ta ɓace wa garkuwa, shi ya sa allurar yarinta take kai mutum har tsufa. Ita kuwa infuluwanza kullum cikin sauya kama take, kaɗan-kaɗan, har ta kai garkuwar da ta san ta bara ta kasa gane ta bana.

An gano hakan tun da wuri, kuma da wahala aka gano. A 1933 ne masana a Landan suka fara ware ƙwayar daga jikin mutum. A shekarun yaƙin duniya na biyu Thomas Francis da Jonas Salk suka yi aikin samar da allurar farko don sojojin Amurka, aka ba ta izini a 1945. Shekara biyu bayan haka, a 1947, sai allurar ta gaza. Ƙwayar ta sauya, allurar tana nan a yadda take. Wannan darasi na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido a 1952, wanda har yau ɗakunan gwaji a ƙasashe fiye da 100 suke tura masa samfurin ƙwayoyin da suka samu a jikin marasa lafiya.

Sau biyu a shekara masana ke zama su zaɓi irin da za a sa a allura. A watan Fabrairu su zaɓa wa arewacin duniya, a watan Satumba su zaɓa wa kudanci. Bayan sun zaɓa, kamfanoni na buƙatar kimanin wata shida kafin su haɗa, su gwada, su rarraba.

Ka ɗauka tela ne ya auna yaro mai tasowa a watan Fabrairu, ya yanka yadi, amma sai ƙarshen shekara za a sa kayan. Yawanci za su shiga, ko da hannun riga ya ɗan ɗage. Wata shekarar kuma yaron ya yi tsawon da ba a zata ba. Haka aka yi a 2014: irin da ake kira H3N2 ya sauya bayan an riga an yanke shawara, lokaci kuma ya ƙure.

Akwai kuma wata matsala da ba kowa ya sani ba. Har yanzu mafi yawan allurar mura a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar da ake haɗa ta da ita. Ƙwayar da ta saba da jikin mutum, idan aka sa ta a ƙwai, sai ta ɗan sauya don ta iya yaɗuwa a can. Wani lokaci wannan ɗan sauyin ya isa ya sa abin da aka koya wa garkuwar jiki ya bambanta da abin da za ta haɗu da shi a waje. H3N2 ya fi kowane iri wannan hali, kuma shi ne ya fi kwantar da tsofaffi. Yanzu akwai alluran da ba sa bi ta ƙwai, amma ba su kai waɗancan yawa ba.

Sannan kariyar ma tana raguwa da tafiyar watanni. Wannan da sauyin ƙwayar su ne dalilin maimaitawa duk shekara.

"Ni fa da idona na gani"

Wannan ita ce hujjar Kawu, kuma ba na raina ta. Gani ya kori ji. Mutum ya yi allura ya kwanta, ka zo kana karanta masa alƙaluma?

Amma me ya gani? Abu uku ne ke iya faruwa. Ko dai ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan 200 ce ta kama shi, wanda shi ne ya fi yawa. Ko kuma ya haɗu da infuluwanza kafin allurar ta kama jiki, domin garkuwa na buƙatar kimanin mako biyu kafin ta shirya. Ko kuma, eh, infuluwanzar ce ta gaske ta kama shi duk da allurar. Wannan na ukun yana faruwa, kuma duk wanda ya musanta shi bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ba ya faruwa shi ne allurar da kanta ta sa wa mutum cutar. Wadda ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai. Ko dai an kashe ta, ko wani yanki nata kawai aka ɗauko. Hannu kan yi tsami, wani ya ji kasala ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Garkuwar jiki ce ke motsawa. Wanda ya taɓa kwanciya da infuluwanza ba zai haɗa wannan da waccan ba.

A labarin Kawu, hanci ne ya zuba, ya yi tari, amma bai fasa fita ba ko na kwana ɗaya. Na fi zaton murar yau da kullum ce. Da an gaya masa tun farko cewa irin wannan za ta iya zuwa, da bai ɗora wa allurar laifi ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Akwai masu sukar da ba jita-jita suke bi ba, kuma dole a saurare su.

A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta duba abin da allurar ke yi wa manya masu lafiya. Ta samu cewa a cikin waɗanda ba su yi ba, kimanin kashi 2.3 cikin 100 ne suka kamu, a cikin waɗanda suka yi kuwa kashi 0.9. An rage fiye da rabi, amma duba ƙanƙantar lambobin. Sai an yi wa mutum 71 allura kafin a hana mutum ɗaya kwanciya. Saurayi mai shekara 30 da ba shi da wani ciwo yana da haƙƙin ya ce, "To ni wannan bai tsorata ni ba."

Na biyu ya fi wannan nauyi. Shekaru da dama ana yaɗa cewa allurar na rage mutuwar tsofaffi a lokacin hunturu da kusan rabi. A 2006 wasu masu bincike a Amurka suka sake duba irin waɗannan bayanai, sai suka ga tsofaffin da suka yi allura sun fi sauran tsira tun kafin ma lokacin mura ya shigo. Allura ba za ta kare mutum daga cutar da ba ta iso ba. Abin da ke faruwa shi ne, tsohon da ke da ƙarfin tashi ya je asibiti a yi masa allura, dama ya fi wanda ke kwance a gida lafiya. An ɗauki ƙarfin jikinsa an jingina wa allura. Wancan adadi na rabi an zuzuta shi ne, kuma ya kamata masu kare allurar su amsa haka ba tare da kwana-kwana ba.

Na uku kuma abin takaici ne. Garkuwar tsoho ba ta amsa allura kamar ta matashi. Ke nan wanda ya fi buƙatar kariyar shi ne ya fi samun ragaggiya.

Na yarda da duk ukun. Amma ba su kai ni inda masu sukar ke so su kai ni ba.

Lissafin mutum 71 na masu lafiya ne. Haɗari ba ɗaya yake ga kowa ba. Idan cuta iyakarta ta kwantar da kai mako guda, rage ta da rabi abu ne mai kyau amma ba na tashin hankali ba. Idan kuwa tana iya kai ka gadon asibiti da robar iska a hanci, to rage ta da kashi 30 ma babban abu ne. Da babu gara ba daɗi, ballantana a nan babu wani abin da ya fi ta da za a ce a koma gare shi.

Game da raunin garkuwar tsofaffi, an yi wani abu a kai. Akwai allurar da aka ninka sinadarinta sau huɗu don 'yan shekara 65 zuwa sama. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2014 ya nuna ta fi ta kullum kariya da kimanin kashi 24 cikin 100. Tun 2022 hukumomin lafiya na Amurka suka fifita irin waɗannan masu ƙarfin ga tsofaffi.

Shi kuma saurayin nan mai shekara 30, ba shi kaɗai yake rayuwa ba. A 2010 an wallafa wani gwaji da aka yi a ƙauyukan al'ummar Hutterite, wasu Kiristoci manoma da ke Kanada. An yi wa yara allurar mura a wasu ƙauyuka, a wasu ba a yi ba. Mutanen da ba a taɓa da allura ba, amma suke zaune a ƙauyukan da aka yi wa yara, kamuwarsu ta ragu da kimanin kashi 61. Yara ne ke kwaso ta su kawo gida. Jikan da ke hawa cinyar kakansa yana tari, shi ne hanyar da cutar ke bi ta isa ga tsohon da allurarsa ba ta kama sosai ba.

Inda amfaninta ya fi fitowa

Tambayar "za ta hana ni mura?" ba ita ce ta fi muhimmanci ga mutum irin Kawu ba. Abin tambaya shi ne me infuluwanza ke yi wa zuciya.

Yawancinmu mun ɗauka cutar hanci da ƙirji ce kawai. A 2018 masu bincike a lardin Ontariyo na Kanada suka gano cewa a cikin kwana bakwai na farko bayan an tabbatar mutum na da infuluwanza, haɗarin bugun zuciya kan ninka har sau shida. Zazzaɓi na sa zuciya gudu, iskar da ke shiga jini na raguwa, kumburi na taɓa jijiyoyin jini. Zuciyar da dama da ƙyar take ɗaukar nauyinta sai a ƙara mata kaya. Mutum ya faɗi, a rubuta ciwon zuciya ne ya kashe shi, babu wanda zai ambaci murar da ya yi a makon.

Sai kuma gwajin da ya fi tsaya min a rai. Likitoci a Suwidin suka jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2021, a kan mutane fiye da 2,500 waɗanda yawancinsu bugun zuciya ya kai asibiti. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka yi musu allurar mura, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, kuma ba majinyaci ba likita, babu wanda ya san wa ya samu wace. Bayan shekara guda, kashi 2.9 cikin 100 ne suka rasu a ɓangaren allurar gaske, kashi 4.9 a ɗaya ɓangaren. A nan ba za a ce masu ƙarfin jiki ne suka zaɓi kansu ba, ƙuri'a ce ta raba.

Ga masu juna biyu. Ciki na rage wa mace ƙarfin garkuwa, yana kuma matse huhu, shi ya sa infuluwanza ta fi yi musu tsanani. Jariri kuma ba a yi masa wannan allura sai ya kai wata shida. Wani gwaji a Bangaladash da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa jariran da aka yi wa iyayensu mata allura suna da ciki, kamuwarsu ta ragu da kashi 63 a watannin farko na rayuwa. Uwa ce ke miƙa wa ɗanta garkuwar tun yana ciki. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Afirka ta Kudu da Mali su ma sun nuna jarirai na samun kariya ta wannan hanya.

Ga yara kuma. Wani bincike na 2017 da ya duba yaran da infuluwanza ta kashe a Amurka tsakanin 2010 da 2014 ya samu cewa allurar ta rage haɗarin mutuwa da kashi 65 ga yara masu lafiya, da kusan rabi ga masu wani ciwo.

Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a gaya wa Kawu ranar da ya miƙa dantsensa.

Illa fa? Kamfanoni fa?

Illa mai tsanani tana da wuya, amma akwai. Wadda aka fi ambata ita ce wata cutar jijiya mai suna Guillain-Barré, mai sa raunin gaɓoɓi. A 1976, lokacin wata allurar mura ta gaggawa da aka yi a Amurka, an samu ƙarin kimanin mutum ɗaya a cikin kowane 100,000. A allurar shekara-shekara ta yanzu, ƙiyasin bai wuce mutum ɗaya ko biyu a cikin miliyan ba, kuma infuluwanzar kanta ta fi allurar jawo wannan cuta. Wanda ya taɓa yin ta, ko wanda jikinsa ya taɓa yin mummunan bore bayan allurar, ya gaya wa likita kafin a yi masa.

Kamfanoni kuwa, tabbas suna cin riba, kuma abin da ake saye duk shekara kasuwa ce mai daɗi. Wannan dalili ne na a sa musu ido. Amma adadin nan na kashi 19, wa ya fitar da shi? Hukumar da ke cewa a yi allurar, ita ce ta auna ta kuma sanar da duniya cewa a waccan shekarar ba ta yi abin kirki ba. Mai shirya yaudara ba ya buga shaidar gazawarsa.

Ni fushina da su a wani wuri yake. Sama da shekara 70 ana dogaro da ƙwan kaji. Kashi 40 zuwa 60 ba abin da za a zauna a kai ba ne a ce an gama. Mai son allurar nan da gaske shi ya fi cancanta ya matsa a samar da wadda ta fi ta, wadda ba sai an yi hasashe duk Fabrairu ba.

Na koma wajen Kawu bayan kwana biyu. Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na ce, "Kawu, wanda ya ce maka ba za ka yi mura ba, bai gaya maka daidai ba. Za ka iya yi bana ma. Allurar nan kamar rabi take ragewa, a shekarunka wataƙila ma ƙasa da haka. Amma ba don hancinka nake roƙonka ba, don zuciyarka ne."

Na ba shi labarin gwajin Suwidin. Ya yi shiru yana murza gilashinsa, sannan ya ce in maimaita lambobin. Na maimaita.

Ya ce, "Wato biyar a can, uku a nan."

Na ce, "Kusan haka ne, Kawu, a cikin kowane ɗari."

Bai ce min ya amince ba. Ya miƙo min biro da bayan wata ambulan ya ce in rubuta masa lambobin, in kuma rubuta tambaya a ƙasa, ko ana samun mai ƙarfin nan ta tsofaffi. Ranar Laraba yake da ganin likitan zuciyarsa, ya ce da takardar zai tafi.